Yadda Ake Ziyartar Tsohon Birnin Rodos da Bakin Tekun Elli, Mataki-Mataki

Tun da na dawo daga tsibirin Rodos na ƙasar Girka, tambayoyin da masu karatu ke aiko mini kusan iri ɗaya ne: ta ina ake farawa, nawa ake kashewa, a ina ake salla, me Musulmi zai ci, kuma shin mutum zai iya kai iyalinsa bakin teku a can ba tare da ya ji kunya ba. Na ga ya fi dacewa in haɗa amsoshin a wuri ɗaya bisa jerin da matafiyi zai ci karo da su. Garin ba shi da girma, domin daga ganuwar tsohon birnin zuwa bakin tekun Elli tafiyar minti 15 zuwa 20 ce a ƙafa. Abin da ke raba wanda ya ji daɗin ziyarar da wanda ya koma gida da gajiya kawai shi ne lokacin da kowannensu ya shiga kowane wuri, shi ya sa za ka ga na yawaita ambaton agogo a cikin wannan jagora.

1. Zaɓi wata, ka ƙayyade kwanaki

Watannin da suka fi dacewa su ne Mayu, Yuni, Satumba da farkon Oktoba. A Yuli da Agusta zafi kan wuce digiri 30 kusan kullum, duwatsun birnin suna riƙe zafin har dare, kuma a lokacin ne kuɗin otal ke kaiwa ƙololuwa. Wanda ya fi son shiga ruwa ya zaɓi Satumba, saboda a lokacin teku ya sha ranar watanni uku ya yi ɗumi, alhali a Mayu yana da sauran sanyi mai sa mutum ya ja da baya. Daga Nuwamba zuwa Maris otal-otal da gidajen abinci da yawa a rufe suke, kuma a lokacin ake ruwan sama.

Ka ware wa garin kwana biyu cikakku, ban da ranar isowa da ranar tafiya. Ana iya haɗa birnin da teku a yini ɗaya, mutane da yawa ma haka suke yi, amma gudu ne ba ziyara ba.

2. Biza da takardu

Girka tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, saboda haka bizar Shengen ta ɗan gajeren zama za ka nema. Ƙasar tana da ofishin jakadanci a Abuja. Wanda ke zaune a ƙasar da babu ofishinta ya fara binciko wace ƙasar Turai ce ke karɓar takardu a madadinta. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da ladan cibiyar karɓar takardu idan ta hannunta aka bi. Fasfonka ya kasance yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka bar yankin, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Za a nemi inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tsarin tikitin zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki, da takardar wurin aiki ko ta kasuwanci.

Ana iya miƙa takardu tun wata 6 kafin tafiya. A ƙa'ida amsa kan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45, don haka kada ka bar wannan aiki sai saura mako uku.

Gargaɗi: idan bizar ta fito, ka duba ko ta shiga sau ɗaya ce ko ta shiga da yawa. A tashar jiragen ruwan Rodos za ka ga ana tallar tafiyar yini ɗaya zuwa Marmaris ta Turkiyya, tafiyar da ba ta wuce kimanin awa ɗaya ba. Turkiyya ba ta cikin Shengen. Mai bizar shiga ɗaya idan ya hau wannan jirgi bizarsa ta ƙare ke nan, ba zai iya komawa ga jakarsa da ya bari a otal ba, ban da cewa ita ma Turkiyya tana da tata bizar.

3. Isa tsibirin da shiga gari

Daga Najeriya sai an yada zango, yawanci a Istanbul, Alƙahira, Doha ko Adis Ababa, sannan a sauka a Atina, babban birnin Girka. Daga Atina zuwa Rodos tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin sama, kuma kamfanonin Aegean da Sky Express suna zuwa sau da dama a yini. A Atina ne jami'an shige da fice za su duba fasfonka, don haka ka bar tazarar aƙalla awa uku tsakanin jiragen biyu, musamman idan tikitin biyu daban-daban ka saya. Akwai kuma jirgin ruwa daga tashar Firiyas ta Atina, wanda ke kwana a hanya ya ɗauki awa 13 ko fiye. Yana da sauƙin kuɗi idan ba ka kama ɗaki ba, amma zai cinye maka yini guda.

Filin jirgin saman Diyagoras yana da nisan kimanin kilomita 14 daga gari. Bas na kamfanin RODA yana kai mutane tsakiyar gari a kan kusan Yuro 3, cikin minti 30 zuwa 40, ya sauke su a bayan Sabuwar Kasuwa, wadda mutanen garin ke kira Neya Agora. Tasi kan kama daga Yuro 25 zuwa 30. Ka tambayi kuɗin kafin a sa kayanka a but.

Agogon Girka yana gaban na Najeriya da awa biyu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Ka gyara agogon hannunka tun a Atina.

4. Inda za ka sauka

Zaɓi biyu ne a gabanka. Cikin ganuwa akwai ƙananan masaukai a tsofaffin gidajen dutse, masu tsakar gida da itatuwa, kuma wanda ya kwana a nan zai ga birnin da sassafe kafin kowa ya shigo, abin da ba ya sayuwa da kuɗi. Sai dai motoci ba sa shiga yawancin lunguna, saboda haka tasi zai ajiye ka a ƙofa, ka ja kayanka da kanka a kan daɓen tsakuwa. Ni tayar akwatina ta karye kafin in kai masaukin, na ƙarasa da shi a kafaɗa. Idan nan ka zaɓa, ka rubuta wa masu masaukin tun kafin ka taso su faɗa maka sunan ƙofar da ta fi kusa da su, domin kuskuren ƙofa ɗaya yana iya zama tafiyar minti 20 da kaya.

Ga mai tafiya da dattijo, ko ƙananan yara, ko kaya masu nauyi, sabon gari ya fi, wato tsakanin tashar jiragen ruwa ta Mandraki da bakin tekun Elli. Otal-otal a nan suna da na'urar hawa bene, mota tana zuwa har bakin ƙofa, kuma kana tsakiyar wuraren biyu da ka zo gani.

Gargaɗi: akwai harajin kwana da gwamnati ta ɗora wanda sau da yawa ba ya cikin farashin da ka gani a intanet. Daga Afrilu zuwa Oktoba, a kan kowane ɗaki a kowane dare, Yuro 2 ne a otal mai tauraro ɗaya ko biyu, Yuro 5 a mai uku, Yuro 10 a mai huɗu, Yuro 15 a mai biyar. A otal ɗin ake biya, don haka ba cuta ba ce idan aka neme ka da shi.

5. Kayan da za ka riƙe

Takalmi shi ne na farko. Titunan tsohon birnin an daɓe su ne da tsakuwar teku da aka kakkafa a tsaye, wasu wuraren kuma da duwatsun da sawu ya goge har suna santsi. Silifas da takalmin fata mai santsin ƙasa da takalmin mata mai tsini duk ba su dace ba. Ka sa takalmi mai roba mai kauri a ƙasa. Ka ƙara da hula ko malafa, da man kare fata daga rana, wanda mu ma baƙaƙen fata muna buƙatarsa idan za mu wuni a bakin ruwa, da takalmin roba na shiga teku, wanda ake samu a shagunan garin a kan Yuro 10 ko ƙasa da haka.

Soket ɗin Girka mai rami biyu ne zagayayyu irin na Nijar, don haka mai zuwa daga Najeriya ko Gana ya sayi adafta. Ka sa ƙaramar dadduma mai naɗewa da ƙaramar buta ko gorar roba a jakar hannu, saboda bayan gida a can ba a tanadar masa ruwan tsarki ba. Haka kuma a wurare da yawa ba a jefa takarda a cikin masai, akwai kwandon da aka ajiye a gefe dominta, saboda bututun ƙasar ƙanana ne.

Katin banki yana aiki kusan ko'ina, amma ka riƙe tsabar kuɗi kamar Yuro 50 a ƙananan takardu. Idan na'urar cirar kuɗi ta tambaye ka ko ta lissafa maka da kuɗin ƙasarka ko da Yuro, ka zaɓi Yuro, kuma ka fifita na'urar da ke jikin banki a kan waɗanda aka girke a bakin shaguna, domin ladan waɗancan ya fi tsada.

6. Ƙarfe takwas na safe: ƙofar Ambuwaz da fada

Wannan mataki shi ne ginshiƙin tsarin gaba ɗaya. Manyan jiragen ruwa masu ɗauke da dubban 'yan yawon buɗe ido suna tsayawa ne dab da ganuwar gabas, kuma mutanensu kan fara kwarara cikin birnin daga misalin ƙarfe tara da rabi zuwa goma, ta ƙofofin bakin ruwa, su hau sama zuwa fada. Kai sai ka yi akasin haka: ka shiga ta sama tun da wuri, ka gama da fada, sannan ka gangaro lokacin da su suke hawa.

Ƙofar da za ka nema ita ce ta d'Amboise, ana furta ta Ambuwaz, a arewa maso yammacin ganuwar. An gina ta a 1512, kuma za ka gane ta da hasumiyoyi biyu masu kauri da gadar dutse da ta ratsa ramin da ya kewaye birnin. Wanda ya san ƙofofin Kano zai fahimci tsarin nan take, sai dai a nan hanyar tana lanƙwasa ta bi ta ƙofa bayan ƙofa kafin ka tsinci kanka a cikin gari. Ganuwar tana da tsawon kusan kilomita 4, kuma hukumar UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988.

Fadar Shugaban Barade tana hannun hagu da zarar ka shiga. Baraden nan mayaƙan Kirista ne na ƙungiyar Waliyyi Yohanna da suka riƙe tsibirin fiye da shekara 200, har Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Sulaiman ya karɓe shi a 1522. A lokacin baƙi ana buɗe fadar ƙarfe takwas na safe zuwa takwas na dare, kuma tikitin babba ya kai Yuro 20. Ka ba ta awa ɗaya da kwata. Ka fara da benen sama, inda aka shimfiɗa zanen daɓe na ƙananan duwatsu masu launi da aka kwaso daga tsibirin Kos, sannan ka sauko ɗakunan ƙasa. Yana da kyau ka san cewa yawancin abin da ka gani a ciki ginin Italiyawa ne na ƙarshen shekarun 1930, domin tsohuwar fadar ta rushe a fashewar albarushi a 1856.

Kafin ka bar wurin sayar da tikiti ka tambayi ranaku da sa'o'in da ake barin mutane su hau kan ganuwa. Daga harabar fadar ake hawa, da tikiti daban mai sauƙin kuɗi, kuma sa'o'in ƙalilan ne. Idan sun faɗo a tsakar rana a watan Yuli ko Agusta, shawarata ita ce ka haƙura, domin babu inuwa ko kaɗan a sama, kuma wasu wuraren ba su da abin dafawa ga mai yara.

7. Gangara titin Ippoton

Daga ƙofar fada titin Ippoton, wato Titin Barade, ya miƙe ya gangara kimanin mita 200 zuwa gabas. Babu shago ko alamar talla a kansa, sai gidajen dutse da kowace ƙabila ta baraden ta gina wa kanta, Faransawa da Italiyawa da Sifaniyawa, kowanne da tambarinsa a sassaƙe bisa ƙofa. Idan ka kiyaye lokaci, wajen tara da rabi za ka same shi da mutane ƙalilan.

A ƙasan titin, hannun dama, tsohon asibitin barade yake, wanda aka kammala a 1489, yanzu kuma shi ne gidan adana kayan tarihi. Tikitinsa kusan Yuro 10 ne. Mutane da yawa suna duba babban zauren marasa lafiya su fita, ba su san akwai lambu a baya mai inuwa da wuraren zama ba, wanda shi ne wuri mafi sanyi da na samu a birnin da hantsi. Mai tafiya da iyali ya sani cewa akwai gumakan marmara marasa tufafi a wasu ɗakunan.

Gargaɗi: kada ka ɗauki ko da ɗan guntun dutse ko tsingaro daga wurin tarihi da sunan tsaraba. Dokar Girka a kan kayan tarihi tana da tsanani, kuma ana kama mutane da wannan laifi. Haka nan ba a tayar da jirgi maras matuƙi a kan waɗannan wurare sai da izini.

8. Titin Sokratous, masallatai da sallar Azahar

Daga gidan tarihi ka yi kudu kaɗan zuwa dandalin Ippokratous mai maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, sannan ka hau titin Sokratous, wanda shi ne kasuwar birnin. A ƙarshensa ta sama za ka ga masallacin Sulaiman mai jan fenti da hasumiya, wanda aka fara ginawa bayan 1522 aka sake gina shi a 1808. A nan baƙi Musulmi suke yawan yin kuskure: wannan masallaci ba a salloli biyar a cikinsa yanzu, wurin tarihi ne, kuma sau da yawa a kulle yake.

Ka tsallaka titi zuwa ɗakin karatu na Hafiz Ahmad Aga da ke fuskantarsa, wanda aka kafa a 1793. Ƙofarsa ƙarama ce, mutum yana iya wuce ta bai lura ba. A ciki akwai tsakar gida mai daɓen tsakuwa fara da baƙa, da ɗaki mai ɗauke da rubuce-rubucen hannu na Larabci da Turkanci da Farisanci, har da Alƙur'anai masu ado da ruwan zinariya. Na tsaya a gaban wani shafi na karanta ayoyinsa ba tare da wata wahala ba, kamar yau aka rubuta su, alhali a waje hayaniyar masu sayen tsaraba ta cika titi. A kusa kuma akwai hasumiyar agogo da ake kira Roloi, wadda ake hawa da kusan Yuro 5 a hango rufin birnin gaba ɗaya.

Masallacin da ake salla a cikinsa shi ne na Ibrahim Fasha, ginin 1540, a kan titin Sofokleous. Musulmin Rodos 'yan asalin Turkiyya ne ke riƙe da shi, kuma a nan ake Juma'a. A watannin zafi Azahar tana shiga ne bayan ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci, don haka kana da lokacin da za ka bi ta lungunan Ippodamou da Agiou Fanouriou a hankali kafin ka isa. A waɗannan lunguna ne mutanen gari suke zaune, da shanyarsu da kyanwoyinsu da baburansu, ƙarƙashin bakan dutse da aka gina tsakanin gidaje saboda girgizar ƙasa. Ka leƙa masallacin tun ranar farko ka ga lokutan da yake a buɗe, kuma ka fito daga masauki da alwala idan zai yiwu.

Gargaɗi: alƙibla a Rodos ba gabas take ba kamar yadda muka saba. Kudu maso gabas take, ta ma fi karkata kudu. Ka duba manhajar alƙibla a wayarka kafin ka shimfiɗa dadduma a ɗakin otal.

Taswirar waya tana rikicewa a cikin ƙananan lunguna, wasu ma ba su da suna. Idan ka ɓata, ka bi gangara, za ta kai ka ɓangaren teku.

9. Abincin rana

Naman da ake yanka daga sandar da ke juyawa a gaban wuta, wanda ake kira giros, da tsiren da ake kira suvlaki, a Girka yawanci na alade ne, sai in an rubuta akasin haka. Kalmar alade a harshensu "hirino" ce, kaza kuma "kotopulo". Ko da ka nemi na kaza, sau da yawa wuƙa ɗaya da farantin gashi ɗaya ake amfani da su, ga kuma batun yanka. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce kifi da kayan lambu, kuma a nan ba ka yi asarar komai ba. Ka nemi pitarudiya, abincin mutanen Rodos na asali, wanda ake yi da niƙaƙƙen wake da albasa da na'ana'a a soya kamar ƙosai. Akwai horiyatiki, haɗin tumatir da kokwamba da zaitun da cuku, akwai fava, wato dafaffen wake da aka niƙa, akwai gasasshen kifin sadin. Idan miya ce ko dafaffen abincin teku, ka tambaya ko an sa giya, wadda suke kira "krasi". Ka kuma riƙe cewa "ne" a bakinsu na nufin e, "ohi" kuma na nufin a'a, domin baƙi da yawa suna juya su.

Cikakken abinci a gidan abinci na talakawan gari kan kama Yuro 15 zuwa 25 ga mutum ɗaya. Ruwan gora na rabin lita bai wuce santi 50 zuwa 60 a kiyos ba. Don tsaraba ka sayi melekuni, alewar riɗi da zuma, wadda duk wanda ya san kantu zai gane ta da cizon farko.

Gargaɗi: a manyan dandali biyu ko uku na birnin akwai gidajen abinci da masu kiran baƙi ke tsaye a ƙofarsu. Na zauna a ɗaya na nemi ruwan lemo ba tare da na ambaci girma ba, aka kawo mini shi a cikin kofi mai cin kusan lita guda, kuɗinsa ya fi na abincin da na ci daren jiya. Kada ka yi oda sai ka ga farashi a rubuce, ka ce ƙarami kake so, kuma idan babban kifi ne ka sani da kilo ake sayar da shi, ka sa a auna a gabanka a faɗa maka kuɗin kafin a ɗora a wuta. Doka ta wajabta a ba ka rasit. Tafiyar minti uku daga dandalin zuwa cikin lungu tana rage farashi sosai.

Bayan abinci ka koma masauki ka kwanta. Daga ƙarfe biyu zuwa biyar mutanen garin da kansu hutawa suke yi.

10. Yamma: unguwar Yahudawa da ramin ganuwa

Daga dandalin Ippokratous titin Aristotelous zai kai ka gabas zuwa dandalin tunawa da Yahudawan Rodos da 'yan Nazi suka kwashe a Yulin 1944. Wurin ibadarsu na Kahal Shalom, ginin 1577, yana kan titin Dosiadou, ba a buɗe shi ranar Asabar, kuma akan rufe shi da wuri, don haka mai son shiga ya kai ziyarar kafin Azahar.

Ramin da ya kewaye ganuwa busasshe ne, an mayar da shi hanyar tafiya ta kimanin kilomita biyu da rabi, kuma shiga kyauta ne. Ka shiga bayan La'asar ta wajen ƙofar Akandiya ka fito kusa da Mandraki. A ƙasa za ka ga manyan dunƙulallun duwatsun igwa a zube cikin ciyawa. Babu shago a ciki, mafita kuma kaɗan ce, saboda haka ka shiga da ruwa, ka fito kafin duhu.

11. Rana ta biyu: daga Mandraki zuwa Elli

Ka fita ta ƙofar Eleftherias ka bi bakin ruwa ka yi arewa. Za ka wuce tashar Mandraki da injinan niƙa uku masu aiki da iska, da ginshiƙai biyu masu ɗauke da barewar tagulla a bakin mashigar jirage. Gaba kaɗan, kafin rairayin, akwai masallacin Murad Rayis da tsohuwar maƙabartar Musulmi a ƙarƙashin itatuwan turare, da duwatsun kaburbura masu siffar rawani. Ya dace mai wucewa ya tsaya ya yi musu addu'a.

Bakin tekun Elli ya fara daga nan ya miƙe har ƙarshen tsibirin ta arewa, inda gidan kifaye yake, wanda ake shiga da 'yan Yuro kaɗan kuma yara suna sonsa. Ka lura cewa gaɓa biyu ce ta haɗu a wannan tsini. Ta gabas, wato Elli, ruwanta a kwance yake yawancin lokaci. Ta yamma kuwa iskar arewa da ake kira meltemi tana kaɗa ta, igiyar ruwanta tana da ƙarfi, kuma ba wurin mai koyo ba ce.

Game da tambayar da aka fi yi mini, gaskiyar magana ita ce daga hantsi zuwa yamma wurin cike yake da mutane cikin kayan wanka irin na Turawa, wasu matan ma ba sa rufe ƙirji. Wanda wannan zai dame shi, kuma ni yana damuna, ya je tsakanin ƙarfe shida da rabi zuwa takwas da rabi na safe. A lokacin ba ka samun kowa sai dattawan gari masu iyon safe, ruwan yana nan garau har kana ganin tsakuwar ƙasa, duwatsun Turkiyya kuma suna bayyana a tsallake. Babu dokar da ta hana mace shiga ruwa da kayan iyo masu rufe jiki, amma ta sayo su tun daga gida ko a Istanbul. Kada ka ɗauki hoton da zai haɗa da mutanen da ba ka sani ba.

Bakin teku a Girka na jama'a ne, ba a biyan kuɗin shiga. Abin da ake biya shi ne gadon kishingiɗa da lema, kusan Yuro 10 zuwa 25 na biyu, gwargwadon wata da kusancinsu da ruwa. Ka tambayi farashi kafin ka ajiye tawul. Kana da ikon shimfiɗa naka a filin da babu gadaje ba tare da ka biya kowa ba.

12. Shiga ruwa

Ƙasan Elli tsakuwa ce da yashi mai kauri, kuma ruwan yana zurfi da sauri: taku biyar ko shida ya kai maka wuya. Wanda ya koyi iyo a kogi ko dam kada ya ɗauka duk ɗaya ne, kuma wanda bai iya ba ya tsaya inda ruwa bai wuce ƙugunsa ba. Yaro kada ya fita daga inda hannunka zai kai gare shi, ko da yana sanye da robar iyo. Kada kowa ya shiga da doguwar riga ko zane ko jallabiya, domin idan suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa.

A cikin ruwan akwai dandamalin siminti mai hawa-hawa da aka gina tun zamanin Italiyawa, wanda samari ke tsalle daga kansa. Daga gaɓa yana kama da kusa, amma sai an yi iyo a ruwan da ƙafa ba ta taɓa ƙasa kafin a kai shi. Idan ba ka saba ba ka bar shi.

Ka duba tutar hasumiyar masu ceto: ja na nufin kada a shiga. Da sassafe ba su fara aiki ba tukuna, don haka mai bin shawarar sammako kada ya shiga ruwa shi kaɗai. Kusa da duwatsu akwai wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya, takalmin roba ne maganinta. Fasfo da yawancin kuɗinka su zauna a akwatin ajiya na otal, ka fito da hoton fasfon da na bizar. Lambar neman agaji ita ce 112. Akwai famfunan wanka a bakin gaɓar don wanke gishiri kafin ka sa tufafi.

13. Ranar komawa

Filin jirgin Rodos yana cunkushewa a lokacin baƙi, musamman a ƙarshen mako, saboda haka ka bar gari awa uku kafin tashin jirginka idan bas za ka hau, domin wani lokaci yakan cika ya wuce mutane a tasha. Wanda ya sauka a cikin ganuwa ya roƙi masu masaukin su kira masa tasi tun daren da ya gabaci tafiyar, su kuma faɗa wa direban ƙofar da zai jira. Zuma da man zaitun su shiga babban akwati, a naɗe su cikin leda da tufafi, domin ba za a bar su su wuce a jakar hannu ba. Ka kuma ƙirga kwanakin da aka rubuta a bizarka da kyau, ranar shiga da ranar fita duk suna cikin lissafi, kuma ranar da ka bar Atina ce ranar fita, ba ranar da ka bar Rodos ba.